Ruwan Kahu da Burodin Kano

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da girmamawa irin ta 'ya ga mahaifiyarta, ina fatan Allah Ya sa kina cikin rahamarSa, Ya haskaka miki makwancinki. Mu nan Rano muna nan lafiya gwargwado. Baba yana nan da ransa, sai dai gwiwa ta hana shi zuwa kasuwa, yanzu a ƙofar gida yake wuni yana gyara wa kowa magana. Ƙanwarki Iya Talatu tana can Kahu, ita ma tsufa ya fara taɓa ta, amma har yau da kanta take surfe.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwarki, ban taɓa zama na rubuta miki ko layi ɗaya ba. Ko kina raye ma sai an karanta miki, kuma na san kafin a kai tsakiya za ki ce a taƙaita, kina da aiki. Na san ba ke za ki ga wannan takarda ba, wasu ne za su gani. Su karanta, ba laifi, wataƙila a cikinsu akwai mai yarinya irin tawa. Amma da ke nake magana.

Inna, kin yi takwara. Ba ki gan ta ba, bayan tafiyarki da shekara huɗu na haife ta. Da aka raɗa mata sunanki ba wanda ya iya kama shi a bakinsa, sai muke ce mata Ummi. Yanzu shekararta bakwai. Ta ɗauko goshinki da tafiyarki, ta ɗauko kallon nan da kike yi wa mutum idan ya faɗi abin da bai kamata ba. Tsorona shi ne ta ɗauko har da ciwonki, kuma maganar da ta zaunar da ni ke nan.

Tun da na yi wayo ban san ki da cikakkiyar lafiya ba. Cikinki kullum a kumbure kamar wadda ta ci ta ƙoshi, alhali awarwaro ba ya zama a hannunki. Gudawa ta zo ta yi sati ta tafi, ta sake dawowa ba sallama. Bakinki ya yi ƙuraje har gishirin miya ya gagare ki. In aka ja fatar idonki ƙasa, fari fat, ba alamar jini.

Duk da haka, hantsi na yi kina tsakar gida kin ɗaure injin taliya a kan benci, kina murzawa, ni ina tara ina shanyawa a igiya. A unguwarmu ba a kai gara ba alkakinki a ciki. Gutsattsarin taliyar da ba za ta sayu ba ita ce abincinmu na rana, da manja da yaji. Ba kwaɓin da yake wucewa ba ki ɗanɗana ba.

Abu ɗaya kowa ya sani game da ciwonki. In kika je ganin gida Kahu kika yi wata guda, wata mace daban ce take dawo mana. Kumatu sun ciko, murya ta fito, kina dariya har da tafa hannu. Kwana goma a Rano, komai ya dawo ɗanye. Matan unguwa suka yanke hukunci cewa ruwan Rano ne bai karɓe ki ba. Wasu sun ƙara da nasu a bayan idonki, wai zaman gidan ne ba kya so. Baba ya ji, bai taɓa yi miki maganar ba.

Abin da ya yi shi ne ya sayo jarka biyu. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya ɗaure su a bayan babur ya kama hanyar Kibiya, ya ɗebo miki ruwa a rijiyar gidanku ta Kahu, rani da damina. Na tuna ranar da ya dawo wandonsa duk taɓo, babur ya kayar da shi, jarka ɗaya ta fashe, ya shigo rungume da ɗayar. Aka ware miki randa a ɗakinki aka rufe da faifai, duk yaron da ya sa moɗa a ciki sai ya sha faɗa. Shekarar da aka fara Shari'a a Kano ya soma wannan jigila, ina ajin ƙarshe a firamare. Shekara goma sha biyu ya yi yana yi.

Da wannan ruwan nake dafa miki shayi, Inna. Na dafa da ruwan Kahu, na zuba madara, na yayyanka burodi na jiƙa miki a ciki.

Kin san yadda muke. Mai lafiya tuwo, mara lafiya shayi da burodi. Duk wanda ya zo dubiya da burodi a leda yake shigowa, in ciwo ya tsananta sai ledojin su ƙaru. Da na auri Baban Ummi abin ya ƙara daɗi, tunda direban bas ne, kullum yana hanyar Kano. In ya dawo da yamma da burodi biyu yake dawowa, mai laushin nan na birni, ɗaya namu, ɗaya na surukarsa. Kina karɓa da hannu biyu kina cewa, "Allah Ya yi albarka, ni kam na ci arzikin suruki."

A shekararki ta ƙarshe aka ce mana a asibiti gyambon ciki ne. Sau biyu ana ƙara miki jini. Aka ce ki bar yaji, ki bar duk wani abu mai tsami. Ni kuwa da ma kin san ni da ɗaukar abu da zafi, sai na zama 'yar sandan gidan. Na hana mai nono shigowa. Na ɗauke ƙwaryarki ta fura da ludayinki na ɓoye a ƙasan akwatina.

Akwai ranar da kika kira ni bayan La'asar. Ba ki kama sunana ba, tunda ni ce ta fari, ba ki taɓa kamawa ba. Kika ce, "Ke 'yar nan, dama min fura ko ludayi biyu ne, ita kaɗai take zama min a ciki." Na ce a'a, an hana. Ba ki yi musu ba. Na kawo shayi da burodi, kika tashi zaune da ƙyar kika cinye don kada raina ya ɓaci, sannan kika juya fuskarki wajen bango. Ban ƙara jin kin roƙi fura ba.

Ranar wata Talata da hantsi kika cika. Muka ce kwana ne ya ƙare, kuma haka ne. Ban ja da wannan ba a lokacin, yanzu ma ban ja ba. Na gaji injinki, na gaji masu sayen taliyarki, na ci gaba da sana'ar a gidan mijina.

To, ga Ummi.

Tun daga yaye ta fara. Ciki ya kumbura, ƙafafu kamar sillen kara, gudawa ba ta yin wata ba ta dawo ba. 'Yar maƙwabciyata da Ummi ta girma da shekara biyu ta kere ta tsawo. Mun sha maganin tsutsa, mun sha na taifot, mun sha na zazzaɓin sauro. An yi rubutu, an yi jiƙe-jiƙe, wannan ta ce shawara ce, waccan ta ce basir ne. Duk yamma kuwa tana bakin ƙofa tana jiran ubanta, ta san ƙarar motarsa a cikin motoci goma. Yana shigowa za ta karɓe ledar, ta fara da ƙwaƙule tsakiyar burodin. Kin ga yarinyar da ba ta son cin komai, in ta sami abin da take so, wa zai hana ta?

Bara da babban hutu Iya Talatu ta aiko cewa in ba ta takwarar Yayarta ta yi mata hutu. Na ba ta ina ɗar-ɗar. Bayan sati shida aka dawo min da yarinya, Inna, sai da na sake kallonta. Kumatu, ga ƙarfi, tana tsalle daga kan dakali. Na shiga ɗaki na yi kuka don murna. Sati biyu da dawowarta, cikin ya tashi, gudawar ta dawo.

Kin san abin da 'yarki ta yi, da duk karatun sakandaren da kuka sa ta? Jarka na saya. Baban Ummi ya riƙa bai wa abokan aikinsa masu bin hanyar Kibiya suna ɗebo mana ruwan Kahu. Ranar da Baba ya zo gidana ya ga jarkar a jingine a tsakar gida, ya daɗe yana kallonta. Wata uku Ummi tana shan ruwan, ba abin da ya canja.

Da aka yi hutun kaka sai na ce bari in kai ta da kaina, ta sha daga bakin rijiyar. Ban yarda na je hannu rabbana ba. Na cika jaka da burodi da biskit da taliyar da na murza, don kada yarinya ta sha wuyar abinci a ƙauye. Muka yi sati biyu tana shan ruwan da aka jawo a gabanta, cikin nan ko gezau.

Wata safiya muna surfe ni da Iya Talatu, ta ga damuwa a fuskata, sai ta fara ba ni haƙuri. Ta ce, "Ki yi haƙuri da mu, 'yar nan. Wancan zuwan ba abin da ta samu a wurinmu sai tuwon dawa da fura, damina ta hana mai burodi shigowa. Haka Yaya ma in ta zo, abin da muke da shi ke nan. Ban taɓa iya yi mata abincin marasa lafiya ba, har yau abin yana damuna."

Ita haƙuri take ba ni. Ni kuwa taɓarya ce ta tsaya a hannuna, na kasa sauke ta a turmi. Duk zuwanki Kahu ya dawo min ɗaya bayan ɗaya. Can ba injin taliya, ba alkaki, ba mai zuwa dubiya da leda. Rijiya muka gani, Inna, ba mu taɓa duba akushi ba.

Ranar na rabar da burodin da biskit a maƙwabta. Da muka dawo Rano na wanke injinki na naɗe shi a zani na ɗora a kan sif, na bai wa masu biki biyu haƙuri. Na ce wa Baban Ummi kada ya ƙara shigo min da burodi. Ya ce, "Yanzu kuma burodin ne ya zama guba?" Amma ya bi, ya koma kawo ayaba da lemo. Muka tsaya a kan tuwon dawa da na masara, da shinkafa, da koko da ƙosai, da fura. Ko ɗanwaken talla na daina saya, tunda yanzu fulawa ake zuba masa.

Sati uku gudawa ta tsaya. Wata biyu kumatun suka dawo. Da ruwan Rano, Inna, ruwan famfon da ke bakin layinmu. Baba ya zo ya tarar da ita tana wasan igiya, ya ga moɗar da ta sha ruwa da ita, ya tambaye ni na ina ne. Na faɗa masa. Ya ce, "Ashe ba ruwan ba ne." Bai zauna ba ranar, ya juya da sandarsa ya tafi gida. Tun daga nan ba mu sake tayar da maganar ba, ni da shi.

Mutane ba su bar ni ba. Wai jikar mai taliya ce za a hana taliya, wai na ɗora wa yarinya camfi. A makaranta ƙawaye su miƙa mata biskit, a gidan biki a cusa mata cincin, kwana biyu ciki ya motsa. Ni kaina ban tabbata ba, don an sha ganin yaro ya warke don kansa. Sai muka shirya muka shiga Kano wurin wata likitar yara.

Mace ce mai natsuwa, ta bar ni na yi magana har na gaji. Sannan ta tambaye ni ko a danginmu akwai mai irin wannan ciwon. Na ba ta labarinki tun daga randa har zuwa ƙarin jini. Ta ce akwai wani ciwo da ake kira siliyak. Akwai wani abu a cikin alkama da jikin wasu mutane ba ya shiri da shi, in sun ci sai jikin ya juya ya yi ta lalata cikin hanjinsu, har abinci ya riƙa wucewa ba tare da ya amfane su ba. Ta ce yana bin dangi, kuma ba shi da wani magani sai barin alkama har ƙarshen rai. Ta ce ba za ta rantse shi ne ba, don akwai cututtukan da suke kama da shi. Sai an gwada jini, wataƙila ma daga baya a leƙa hanjin.

Har na fara jin sanyi a raina, sai ta ƙara da abin da ya karya min gwiwa. Gwajin ba ya nuna gaskiya sai in mutum yana kan cin alkama. Tunda na riga na janye mata, dole in mayar da ita kai, kullum, har sati shida, sannan a ɗebi jinin.

Baban Ummi ya ce a bar gwajin kawai, yarinya ta samu lafiya, me ake nema kuma? Na yi kwanaki ina juya maganar. In wani ciwon ne daban yake ɓoye fa, ya ɗan lafa ne kawai? Kuma yarinya ce, za ta girma, za ta je makarantar kwana, za ta yi aure a gidan da ba su san ni ba. Maganar uwarta ba za ta hana kowa ba ta burodi ba, sai takardar likita. Sannan mun yi shekara goma sha biyu muna yi miki magani a kan zato, da zuciya ɗaya, kin ga inda ya kai mu. Na ce masa ba zan sake zama a kan zato ba. Washegari ya shigo da ledar burodi.

Yau kwana arba'in. Kullum da safe ni nake yanka mata da hannuna, yanka biyu, in ajiye a gabanta.

Ranar farko ta kalli burodin ta kalle ni, da wannan kallon naki, ta ce, "Umma, kin huce?" Ashe duk watannin nan ita a zatonta horo nake yi mata a kan wani laifin da ba ta sani ba. Ta cinye tas ta lashe yatsu, ta ce na gode. Na fita bayan ɗaki na tsaya har sai da na iya dawowa da fuskar mutane.

A sati na biyu cikin ya fara tashi. Yanzu ƙuraje sun fito mata a baki, in ta dawo daga makaranta a kan tabarma take zubewa, igiyar wasanta tana rataye ba mai taɓawa. Na kira likitar, ta yi min tambayoyi, ta ce in abin ya wuce haka in kawo ta nan take, in kuwa za mu iya, mu ƙarasa. Muna ƙarasawa. Jibi in Allah Ya kai mu za mu bi motar ubanta ta farko mu shiga Kano.

Inna, ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Na daɗe ban san addu'ar da zan yi a kan takardar gwajin nan ba. In ta fito ta ce ba shi ba ne, to hannuna ya fita daga ciwonki, shayina bai cuce ki ba. Amma ciwon Ummi ya koma ba suna, mu sake komawa yawon asibiti da jiƙe-jiƙe, ina kallonta tana ƙarewa kamar yadda na kalle ki. In kuwa ta ce shi ne, Ummi ta tsira da dawa da gero, abin da ya cika rumbunan Kahu. Sai dai daga ranar na san abin da nake jiƙa miki a kofi, na san abin da na hana ki ranar nan bayan La'asar. Likitar ta ce ko da na Ummi ya tabbata, ba wanda zai iya cewa tabbas shi ne naki, tunda ba a gwada ki ba. Na gode mata. Amma ni na ga kumatunki in kin dawo daga Kahu.

Na zaɓa, Innata. Duk sujadar da na yi a kwanakin nan, roƙona Allah Ya sa shi ne. Na yarda in ɗauki wannan nauyin har ranar da zan tarar da ke, in dai takwararki za ta tashi. Na san da an tambaye ki, ke ma abin da za ki zaɓa ke nan, ba tare da kin tsaya tunani kamar yadda na tsaya ba.

Ki yafe min furar nan. Wallahi so ne, ban san wani so da ya wuce shi ba a lokacin. Ki yafe wa Baba jarkokinsa, ki yafe wa surukinki ledojinsa. Ina kewarki, Inna. Ina kewar ƙarar injinki da hantsi, ina kewar "ke 'yar nan" ɗinki, har yau ba wanda ya kira ni da sunana na ji daɗinsa kamar yadda nake jin wannan.

Ƙwaryarki tana nan. Shekaranjiya na ciro ta daga ƙasan akwati, ita da ludayin, na wanke na kife a rana. Iya Talatu ta aiko min da gero. Ranar da likita ta ce ya isa haka, zan kira mai nono da kaina, in dama fura a cikinta in miƙa wa takwararki. Ta fara shan ludayi biyun nan naki, sannan ta sha nata.

Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki, Ya sa ciwon da kika sha ya zama kaffara. Allah Ya shayar da ke daga abin da ba mai hana ki. Ya ba Ummi lafiya mai ɗorewa, Ya nuna mana gaskiyar ciwonta komai ɗacinta, Ya sanyaya zuciyar Baba. Ya haɗa mu da ke a gidan Aljanna. Amin.

Wassalam.

Taki,
'yar farinki, wadda ba ki taɓa kama sunanta ba.